Tudun da Malam Gwadabe Ya Daɓe

Malam Gwadabe magini ne, ɗan magini. A unguwar Sheshe aka haife shi, a gidan nan mai soron ƙasa wanda mahaifinsa ya ɗaure rufinsa da azara tun ba a kawo wuta unguwar ba. Ƙasar da aka gina soron, da ta kusan duk gidajen lungun, a bayan gida aka haƙo ta, ramin da ya rage kuwa shi ne kududdufin. Shi ya sa in wani ya kira wurin ƙazamin rami sai ka ga fuskar Gwadabe ta sauya. Yakan ce gidajen daga cikinsa suka fito, shi ne kuma yake shanye musu ruwan damina don kada ya ci gindinsu.

Yana da shekara arba'in da 'yan kai bulo da siminti suka kashe masa sana'a. Sai ɗan yaɓe jefi-jefi in wata tsohuwa ta tuna da shi. Tun daga nan ya koma mai tsaron kududdufin, ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Shi ya dasa ceɗiyar da dattawa suke zama a gindinta bayan la'asar, suna kallon agwagin matarsa Lauratu suna kutsawa cikin kainuwa. Shi ne kuma duk shekara, kafin ruwan farko, yake bin gida-gida yana kiran gayya, kowa ya fito da shebur ko manjagara a yashe bakin ruwan, a buɗe kwatar da take kwaso ruwan lungu ta zuba a ciki.

A da, ba a barin lakar da aka yaso ta kwana a bakin ruwa. Kowane magidanci yakan kwashi rabonsa ya kai gida ya yi yaɓe, har rigima ake yi a kanta. Yanzu wa zai yi yaɓe? Ga ta kuma cakuɗe da leda da robobi. Aka wayi gari ana yasowa, ba a san inda za a kai ba.

A nan Alhaji Auwalu ya shigo. Ɗan kasuwa ne a kasuwar Kurmi, katangar gidansa tana kallon ruwan ta gabas, daidai inda kwata take faɗawa. Ranar gayya ya aiko da koko da ƙosai, ya fito da kansa cikin farar shadda yana yi wa kowa sannu.

"Baba Gwadabe, kada ku wahalar da kanku. Ku tara ta nan jikin katangata. Ina da mai tifa, sati mai zuwa zai kwashe."

Gwadabe ya yi ta yi masa addu'a. Sati ya wuce, tifa ba ta zo ba. Hadari ya fara haɗowa, Gwadabe ya duba tsibin nan ya ga ruwan farko zai mayar da shi ciki, wahalar mutane ta tashi a banza. Hannun magini kuwa ba ya iya ganin ƙasa a karkace ya wuce. Sai ya ɗauko madaɓinsa. Ya tsince ledar, ya baje lakar, ya daɓe ta hawa-hawa, ya yi mata gefe da tsofaffin tubala yadda ko ambaliya ba za ta motsa ta ba. Kwatar ma ya karkatar da ita ta gefe, wai kafin tifa ta zo.

Ɗanladi tela, abokinsa tun suna yara, ya tsaya yana kallonsa.

"Gwadabe, shara kake wa kwalliya? Ko amarya za a ajiye a kai?"

"Kai dai je ka ci gaba da ɓata wa mutane yadi. Aiki in za a yi shi, a yi shi da kyau."

Shekara uku ana haka. Kowace gayya koko da ƙosai, kowace gayya mai tifa ya yi tafiya ko motarsa tana gareji. Kowace gayya kuma Gwadabe ya daɓe sabuwar laka a kan tsohuwa, tudu yana ƙara cin ruwa. Mutum sittin suna zuba gumi, ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa wa suke yi wa aiki.

Ran wata Asabar da hantsi tifar ta zo. Bulo ta sauke.

Gwadabe ya fito a guje, ko hula bai tsaya sawa ba. Ya tarar da Alhaji Auwalu yana nuna wa leburori inda za su ja igiya, shaguna huɗu a jere.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Baba, ai filin bayan gidana ne. Da takardata."

"Fili? Yaushe ruwa ya zama fili? Ni na daɓe wurin nan da hannuna!"

"Wallahi kuwa, kuma Allah ya saka da alheri. Injiniya ma ya yaba, ya ce ko harsashi mai zurfi ba ma buƙata."

Wannan maganar ita ta fi ƙona wa Gwadabe rai, har yau in ya tuna sai ya tashi daga inda yake zaune. Ya ce a bar kwatar aƙalla, in aka toshe ta ruwan lungu ba shi da wurin zuwa sai gindin gidaje. Aka ce za a duba. Ya kai magana duk inda ake kaiwa, ko'ina a ba shi kujera, a ba shi haƙuri. Waɗanda suka sha kokon nan kuwa kowa ya sunkuyar da kai, wai ba a faɗa da maƙwabci. Aka ɗora bulo a kan kwatar.

Cikin watan Agusta, bayan azahar, aka yi ruwan awa biyu. Ruwan lungu ya gangaro yadda ya saba, ya tarar da bango, ya juyo. Ya kwanta a gindin soron har gwiwa. Lauratu ce ta ji ƙarar azara, ta fizgo mijinta waje da ƙarfin da ba a san tana da shi ba. Suna tsaye cikin ruwa, ido na ganin ido, soron da ya haura shekara tamanin ya durƙusa a gabansu.

Washegari Alhaji Auwalu ya zo jaje, da buhunan siminti a baro.

"Baba, ƙaddara ce. Ginin ƙasa dama ya yi zamaninsa."

"Ƙaddara ce ta aiko mana da ƙosai?" in ji Lauratu daga bayan ƙyaure. "Kwashe kayanka, Alhaji, kada su jiƙe."

Gwadabe ya shiga ya ɗauko diga, ya ratsa ta gaban Alhaji, ya nufi tudun. Shi ya daɓe shi, ya san inda tsohuwar kwata take kwance a ƙasa, tsakanin shago na biyu da na uku inda aka bar ɗan siririn lungu. Nan ya kafa diga. Dattijo mai shekara saba'in, gaban jama'a, ba ɓoye-ɓoye.

"Baba, zan kira hukuma fa!"

"Kira su. In sun zo su nuna min takardar da ta ce ruwan sama ya canja hanya."

Ba wanda aka kira. Ɗanladi ne ya fara zuwa da shebur yana mita, wai bayansa ciwo yake, sai wasu mutum biyar da kunya ta koro. Kafin la'asar ruwan lungu ya sami hanya, ya tafi da gudu ya faɗa abin da ya rage na kududdufin.

Shagunan suna nan, ana ciniki a ciki. Kusan rabin ruwan ya tafi, ba zai dawo ba. Ƙasar da ya haƙo daga kwatar kuwa Gwadabe gida ya tura ta a baro, ya cuɗa, ya yi tubala, da su yake tayar da soron sannu a hankali, yanzu ya kai kafaɗa. Bana ma ya kira gayya, mutum sha ɗaya suka fito. Ya hana a karɓi ko ruwan leda daga hannun kowa, ya tsaya a kansu da madaɓi a hannu har sai da kwandon laka na ƙarshe ya bar bakin ruwan.