Ranar da Baba Ya Juya wa Yayana Tire

Akwai wata azahar a kasuwar Dei-Dei da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da yake in na ba da labarinta wasu kan ce mene ne abin mamaki a ciki, tunda shinkafa da wake kawai aka ci.

A lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, duk inda ka waiga a Abuja bulo ake ɗorawa. Ni ina aiki a wata ma'aikata, ina zaune a Garki da iyalina. Ɗan wan babana, wanda nake kira Yaya saboda ya ɗan girme ni, yana sayar da kwanon rufi da ƙusa a Dei-Dei, kuma kasuwa na yi da shi. Mutum ne mai barkwanci da son turare. In ya zo gidana ranar Lahadi, sai a kwana ana jin ƙamshinsa a kujera.

A layinsu akwai wata al'ada. Da an idar da sallar azahar, mai abinci za ta kawo babban tire rumfar wani dattijo da kowa ke kira Baba, 'yan layin su kewaye, kowa ya ci gabansa. Abin ya wuce ci. Masu sa hannu a tiren nan su ne in mai saye ya nemi abin da ba ka da shi, sai ka shiga shagon ɗayansu ka ɗauko ba tambaya, a daidaita daga baya. Wanda ya fita daga tire ya fita daga wannan amanar, kuma ƙaramin ɗan kasuwa kamar Yaya ba ya iya tsayuwa shi kaɗai.

Ciwon ya shigo masa ne a hankali, har ba zan iya cewa ga ranar da ya fara ba. Turaren ne ya fara ɓacewa, sannan na lura riga ɗaya yake maimaitawa. In ka yi masa magana sai ya daɗe kafin ya amsa, kansa a karkace, kamar yana jiran wani ya gama tasa. Ya daina cin abincin gidana, sai dai ya fito da dafaffen ƙwai ko ayaba daga aljihu. Matata ta ji haushi ƙwarai, ta ce in tuwonta ne bai yi masa ba ai sai ya faɗa. Ni kuwa na ɗauka gajiyar kasuwa ce.

A layi ma ya janye daga tire. Da farko ya ce azumi yake yi, sai aka gan shi a bayan shago yana ɓare ƙwai. 'Yan kasuwa ba sa rasa fassara: wasu suka ce ya samu kwangila ne yake ɗaga musu kai, wasu suka ce zargin sammu yake yi musu. Babu wanda ya kawo ciwo a ransa, don a wurinmu mai taɓin hankali shi ne wanda ke yawo a bola, shi kuwa Yaya yana buɗe shago yana sallah a sahu.

Wata rana ina ofis sai maƙwabcin shagonsa, wani Inyamuri mai sayar da fenti, ya kira ni a waya. "Oga, ka zo ka ɗauki brother naka," in ji shi da gurguwar Hausarsa mai mayar da namiji mace. "Tun safe tana magana ita kaɗai, yanzu kuma ta zubar da abinci." Ashe Baba ne ya matsa masa ya zauna, shi kuwa ya ture tiren da ƙafa, ya ce ya san abin da suka zuba masa. Na iske shinkafa a ƙasa, mai abinci tana kuka tana cewa an ɓata mata suna a kasuwa. Baba ya ce da ni, "Ɗana, mun ci abinci da yayanka shekara da shekaru, yau ya ce guba muke ba shi. Ya kwashe kayansa." Na roƙe shi ya ba ni lokaci.

Daga gida aka aiko da rubutu, ban hana ba, amma asibiti na kai shi. Likita ya ce sunan ciwon sikizofireniya, ya ce muryar da Yaya ke ji, a kunnensa ba ta da bambanci da tawa, don haka kada in tsaya yi masa gardama, kada kuma in gaskata ta. A gabana ya tambaye shi me take cewa. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce wani namiji ne a bayan kunnensa na hagu, kullum yana gaya masa abin da aka ajiye a gabansa an sa masa guba, na sauran mutane kuwa lafiya lau. A nan ne na gane dalilin ƙwai da ayaba: abu ne mai ɓawo, shi zai buɗe da hannunsa.

Ya yi watanni a gidana yana shan magani. Maganin ya sa shi barci da ƙiba da rawar hannu. Wanka sai an tuna masa, in baƙi suka yi sallama sai ya shige ɗaki, hirar mutum biyu ma gajiyar da shi take yi. A hankali muryar ta yi ƙasa, ya ce ta koma kamar rediyon maƙwabta. Ya fara cin abincin matata in tare muke a kwano ɗaya. Sai ya ce kasuwa yake so, likita ma ya ce zaman kaɗaici ba zai amfane shi ba.

Na je na yi wa Baba bayani iyakar iyawata. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na gabansa kawai?" Na ce na gabansa kawai. Ya ce, "Kawo shi. In ya ci da mu, magana ta wuce. In bai ci ba, ba zan iya tilasta wa mutane su buɗe masa shagunansu ba."

Ranar da na kai shi, aka idar da sallah, aka ajiye tire, aka matsa masa wuri ba tare da an kalle shi ba. Aka yi bismillah, kowa ya sa hannu. Hannun Yaya yana kan gwiwarsa, gumi na bin wuyansa, kansa ya karkata hagu. Na san wanda yake saurare, kuma na san ba ni da abin yi. Wani ya ja tsaki. Mai abinci tana tsaye a bakin rumfa ta harɗe hannuwa.

Baba ya ci gaba da cinsa kamar bai ga komai ba, har ya yi rami a gabansa. Sai ya kama bakin tiren da hannu biyu ya juya shi, mutane suka ɗaga hannuwa, har wurin da ya ci ya tsaya a gaban Yaya. A al'ada ba a miƙa wa babban mutum saura, sai da na ji wani iri. Baba ya ce, "Naka ya fi mai, bar mini shi. Tsoho ba ya kunyar kwaɗayi." Ya dunƙula loma daga ɓangaren Yaya ya kai baki. Yaya ya zuba masa ido har ya haɗiye, sannan ya sa hannunsa a ramin Baba ya ɗebo. Bai ci da yawa ba, amma ya ci, mai abinci kuwa ta juya baya tana gyara ɗankwali.

Babu wanda ya ce an yafe. Can wajen la'asar dai na ga mai fenti ya shiga shagon Yaya ya ɗauko kwalin ƙusa ya miƙa wa mai saye, bai ko nemi izini ba. A nan hawaye suka zo mini.

Yaya bai warke ba. Ya taɓa barin magani, ciwon ya dawo, muka koma asibiti. Akwai ranakun da ba ya iya fita. Baba ya rasu da daɗewa, amma har yau duk wanda ya zauna daura da Yaya sai ya ci kaɗan ya juya masa tire, sababbin zuwa ma sun ɗauka al'adar layin ce. Abin da na koya shi ne, mai irin wannan ciwo ba girman kai ke janye shi daga mutane ba, tsoro ne. Magani na likita ne, amma wurin zama mutane ke bayarwa, kuma wanda ba a tambayi abin da yake tsoro ba, ba za a san ta inda za a juya masa tire ba.