Nguavese da Famfon Shanu

Duk mai shiga layin masu gyaran waya a kasuwar Lafia ya san Nguavese. Ga ta 'yar firit, ga baki, in ka kawo mata wayar da ka jefa a miya sai ta fara wanke ka tas kafin ta taɓa sukudireba. Shagona na jikin nata, na sha jin ta. Amma ban taɓa ganin ta da tsoro ba sai a labarin famfon nan.

A bayan Agyaragu, ƙauyensu, akwai bohol mai sola da aka haƙa don shanun Fulani su daina ratsa gonakin rogo zuwa rafi. Wata 'yar kwamfuta ce mai faɗin tafin hannu take tada famfon, ita kuma Nguavese aka ba kula da ita. Wani rani aka turo sabuwar manhaja, ta je ta fara ɗorawa, ta zagaya gaida kawunta Torkula. Wani bawan Allah ya ga soket, ya zare wayar kwamfutar ya sa cajin wayarsa. Mutanenmu ke nan!

Da ta dawo, jar fitila kawai ke ci. Ta jona laftof ɗinta, rubutu ya fito layi kaɗan ya tsaya. Ta kashe ta kunna, nan dai ya sake tsayawa. Manhajar da ke fara tada na'urar ce ta yanke a tsakiya, ba sabuwa ba tsohuwa.

Sai ga Hamman, dattijon rugar, da garkensa, sun zagaye komin da babu ko ɗigo.

"Madam, ruwa fa?" in ji shi.

"Baba, bod ɗin kwamfutar ya ƙi but, ya ƙi tashi. A ba ni lokaci, abeg."

"Ni zan ba ki. Su ne ba su san lokaci ba. In suka ji ƙanshin rafi, ba mai tare su."

Tsakanin komin da rafin gonar kawunta ce, kuma ta san rikicin da ya taɓa biyo bayan irin wannan a yankinsu. Ta zare memori, ta sake rubuta tsohuwar manhajar, ta mayar. Shiru. Gumi na shiga mata ido, shanu na kuka, rana kuma na yin ƙasa, famfon sola kuwa in rana ta tafi ya tafi. Hamman ya naɗe igiyar babban bijimin a hannu, yana turjewa da ƙafa yana yi masa magana da Fulatanci.

Abu ɗaya ya rage: ta haɗa wasu ƙananan ƙarafa biyu na jikin bod ɗin da tsinken gashinta, don ya yarda ya karɓi manhajar ta wayar laftof ɗinta. In ta taɓa na kusa da su, ya ƙone. Ta haɗa su, ta tura manhajar.

Rubutu ya wuce layin da yake tsayawa. Koriyar fitila ta kama, bututu ya yi tari, ruwa ya zubo.

Sai a lokacin ta ɗaga kai. A bakin gonar rogo ta hango kawu Torkula da samarin ƙauyen suna juyawa gida a hankali, kowa da adda a hannu. Tun tsakar rana suke tsaye a wurin.