Hapsatu ta Rugar Bappa

A Sara ta ƙasar Gwaram aka haifi Hapsatu, a gidan Fulani masu noma da kiwo. Dab da samun mulkin kai aka kawo ta Birnin Kudu amarya, gidan Hambali ɗan Bappa. Ba cikin gari aka kai ta ba. Gidaje biyar ne na dangi ɗaya a bayan gari, ana kiran wurin Rugar Bappa, ko da yake tuni sun bar bukka sun yi ɗakunan ƙasa, yaransu ma sun fi jin Hausa a kan Fillanci. Kowa ya san iyakar rugar ba tare da an kafa komai ba: tsamiya daga gabas, dutse daga arewa, sai burtalin da shanu ke bi zuwa rafi, wanda ya raba su da gonakin mutanen gari. Da hantsi Hapsatu kan ɗauki ƙwaryar nono ta ratsa gonakin nan ta shiga gari, kafin la'asar ta dawo da gishiri da daddawa.

Haka ta zauna har ta haifi 'yarta Mairama, har surukinta Bappa ya rasu aka binne shi a bayan gida.

Bayan yaƙin basasa motoci suka yi yawa a babban titi. Manyan motoci suka riƙa tsayawa kusa da tsamiyar nan, masu shayi da masu faci suka kafa rumfuna. Direbobi ba su san wani Bappa ba, Bayan Tasha suke cewa. Ba a daɗe ba masu awon fili suka zo suka kakkafa turakun siminti a gonakin mutanen gari, aka yanka fuloti, aka raba wa ma'aikata da 'yan kasuwa. Lokacin kuɗin mai ne, bulo da kwano ko'ina. Waɗanda suka tare suka ce sunan unguwarsu Sabon Fegi.

Gida na farko da ya shiga burtali, kusurwarsa kawai ta ci. Hambali ya je wurin mai unguwa, aka ba shi haƙuri, aka ce ai shanu za su iya raɓawa. Na biyu ya ci rabi. Daga nan ƙorafi ya koma kan masu shanun: sun zubar da kashi a ƙofar gidan wane, sun ture jiƙaƙƙen bulon wane. Gidaje huɗu na dangin suka sayar suka tashi ɗaya bayan ɗaya, wasu wajen Ningi, wasu Gwaram.

Shekarar babban fari Hambali ya ce shi ma ya gaji. Zai kora abin da ya rage na shanu zuwa Sara, wurin yayan Hapsatu, in ya sami wurin zama ya dawo ya kwashe su. Mahaifiyarsa Inna Kulu, wadda ƙafafunta suka riga suka mutu, ta ce sai dai gawarta.

“Inna, wurin nan ba na masu dabba ba ne kuma,” in ji Hambali.

“Ubanka yana kwance a bayan ɗakin nan. Ka tafi da shanunka, ban hana ka ba.”

Hambali ya dubi matarsa. Hapsatu ta sunkuyar da kai, don ta san babu mai juya tsohuwar, babu mai yi mata wanka, sai ita. Ya bar musu karsana ɗaya da ke da ciki, saboda nonon fura, ya tafi.

Cikin rani biyu aka kewaye gidan. Malam Abdulsalami, wani akawu mai kirki, ya ja katanga ta hagu. Alhaji Sabo, mai sayar da siminti, ya jera shaguna ta gaba, bayansu na kallon tsakar gidan Hapsatu. Tsakanin gine-ginen biyu aka bar mata lungu mai kwana ɗaya, daidai wucewar mutum da kaya a ka. Ranar da magina suka gama, ta ja saniyar za ta kai ta kiwo, ƙahonninta suka ƙi shiga. Ta karkata mata kai, ta lallashe ta, saniyar ta ja da baya tana huci.

Ta je ta sami Malam Abdulsalami a zaurensa, ta durƙusa ta gaishe shi.

“Malam, saniyata ba ta fita.”

Ya tashi ya je ya gani da idonsa, ya daɗe tsaye yana shafa gemu. “Wallahi Inna, a kan turaku na yi ginina, ban ƙara ko taki ɗaya ba. Amma zan yi wa Alhaji magana.”

Ya yi masa maganar. Alhaji Sabo ya ce shi ma a kan turaku ya yi nasa, ya aiko mata da damin harawa. Tun daga ranar saniyar ba ta sake taka waje ba. Hapsatu kan fita da sassafe da lauje, ta wuce tasha, ta wuce sababbin gine-gine, kullum ciyawa na ƙara nisa. Ba ta iya daɗewa, don Inna Kulu na kwance tana jiran a juya ta.

Hambali kan zo da kaka ya yi kwanaki, ya ce saura kaɗan. Mairama ta yi aure a Kiyako. Wata damina aka aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da Hambali a Sara, kafin Hapsatu ta sami wadda za ta zauna da tsohuwa, ɗan aike na biyu ya iso da labarin rasuwa. A ɗakin surukarta ta yi takaba.

Inna Kulu ta ƙara shekaru kafin ta bi ɗanta. Hukuma ta riga ta hana binnewa a cikin gida, sai maƙabarta. Da aka shirya ta, makara ta ƙi juyawa a kwanar lungu. Maza suka tsaya cirko-cirko, har Malam Abdulsalami ya ce a miƙa ta ta kan katangarsa a fita ta ƙofarsa. Hapsatu na tsaye bakin ɗaki tana kallo aka ɗaga tsohuwar sama.

Bayan sadakar arba'in ta kira mahauci. A tsakar gida ya yanka saniyar, wadda ta tsufa ta daina ba da nono, aka fitar da naman a daro. Ta rufe ɗaki ta hau mota zuwa Sara.

Yayanta ya karɓe ta hannu biyu, amma gidan ya cika da 'ya'ya da jikoki, a ɗakin matar ɗansa ake shimfiɗa mata tabarma. Shanun Hambali an raba gado, nata kason kuwa, fari da ciwo sun ci rabinsa. Tana can ruwan farko ya sauka, sai ga saƙo daga Malam Abdulsalami: indararon shaguna da na gidajen kewaye duk a tsakar gidanta suke zuba, magudanar lungu ta toshe, bangon ɗaki ɗaya ya fara zama. Washegari ta dawo, ta tuɓe mayafi ta sa fartanya ta buɗe wa ruwa hanya.

Alhaji Sabo ya nemi sayen gidan, ya ce zai yi sito. Ta tambaye shi kabarin Bappa fa. Ya ce za a zuba siminti a kai, ba wanda zai taɓa shi. Ta ce ta ji, ta gode, ba ta sayarwa.

Ta koma sayar da fura a bakin lungu, nonon kuwa saye take yi wurin matan ƙauyen Wurno da ke zuwa a mota. Mairama kan zo daga Kiyako da goyo, ta zauna tana fifita, don iska ba ta shiga gidan.

“Inna, ki zo mu tafi. Maigidan ya ce zai yi miki ɗaki.”

“Bari damina ta wuce. In na tafi yanzu ruwa zai cinye gidan.”

Da rani kuma sai ta ce bari ta yi yaɓe kafin ruwa ya sauko. A haka ta tsufa a ƙarshen lungun. Shekarar da ƙafa ta fara gagarar ta, in hadari ya haɗu takan ja jiki zuwa bakin magudana ta zauna da sanda a hannu, tana tsokane ledoji da bawon rake da ruwan titi ke turowa.