Ranar da Na Ce Ban San Inna Ba

Ranar Babbar Jumma'ar bara ina zaune a coci a Tremont, unguwarmu da ke Bronx a nan ƙasar waje, na ƙudundune cikin rigar sanyi, jikata Hanatu tana raɗa mini wa'azin da Hausarta mai ɗingishi. Fasto yana kan labarin manzon nan da ya yi musun Ubangijinsa sau uku a bakin wuta. Ya ce ƙi daban, musu daban. Mai ƙi cewa kawai yake ba ya so, amma mai musu shi ne wanda kuka ci tuwo ƙwarya ɗaya, sannan ya dubi jama'a ya ce bai taɓa ganinka ba. Daga nan ban ƙara jin komai ba. Ni da ban taɓa zama a aji ba, wannan karatun na riga fasto saninsa.

Ni 'yar fari ce, kuma a ƙauyenmu, har da mu masu zuwa coci, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. A ɗakin Kaka na tashi, ita ta koya mini surfe da tsinkar gyaɗa da korar tsuntsaye a gonar gero. Inna kuwa “yarinyar nan” take ce mini. In baƙuwa ta tambaya ko 'yarta ce ni, sai ta sunkuyar da kai ta ce, “A'a, ta tsohuwa ce.” Bai taɓa yi mini ciwo ba, don kullum in na dawo daga gaɗa a dandali nakan tarar da ƙanzo da man shanu a ƙarƙashin faifai, kuma na san hannun da ya ajiye.

Ina shekara bakwai wani tabo ya fito wa Inna a baya. Aka kai ta asibitin kutare na mishan, tafiyar kwana biyu a ƙasa. Sai shekarar samun 'yancin kai ta dawo, an ce ta warke, amma yatsun sun guntule, ƙafa ɗaya a naɗe da tsumma. Aka yi mata ɗaki a bayan rumbu, aka ware mata kwanonta.

Lokacin ina tallan dafaffiyar gyaɗa a kasuwar wani gari kusa da mu, inda ba a san gidanmu sosai ba. Na yi ƙawaye, na yi masu saye, kuma na san ba mai cin abin hannun 'yar kuturwa. Wata ranar kasuwa sai ga Inna ta zo sayen gishiri, ta zauna gindin tsamiya tana hutawa. Ba ta kira ni ba, kallona kawai take. Ƙawata Jummai ta zungure ni ta ce, “Ke Saratu, waccan kuturwar sai kallonki take, kin san ta ne?” Na ce, “Ni? A ina zan san ta?” Da ƙarfi na faɗa, har da tsaki.

Wata mai daddawa 'yar ƙauyenmu ta ji, ta daka mini tsawa, “Ke 'yar nema, uwar taki?” Kafin ta ƙara, Inna ta miƙe ta ce, “Haba Yaya, rabu da ita. 'Yar fari ce, kunya ce. Tarbiyyar kakarta ce.” Sai mata suka hau yabona, wai yarinya mai alkunya. Inna ta ɗauki gishirinta da guntayen yatsunta ta wuce. Ni da ita mun san ba kunya ba ce.

Na yi ta jira ta yi mini faɗa in samu ƙofar kuka, ba ta yi ba. Da damina ta zagayo ta rasu. Shi manzon nan, an ce daga baya Ubangijinsa ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, ya samu bakin amsawa. Ni Inna ta rufa mini asiri rufin da ko tuba ban samu inda zan shigar ba.

Yanzu 'yata ta fari nas ce a nan Bronx. In ta kai ni awon jini, sai ta riƙe hannuna a gaban likitoci ta ce, “Wannan ce uwata,” ba ko sunkuyar da kai. Da farko nakan harare ta, don a wurinmu rashin kunya ne. Yanzu saurare kawai nake yi. Kalma uku ce, kuma ni ban taɓa faɗarta ba.