Garin da Ruwa Ya Kashe wa Wuta

A Jiratawa na tashi, a hannun kakata Hajo. Lokacin sanyi, in an ci tuwo, sai ta hura wuta da karan hatsi a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta, ƙafafunmu duk busasshen taɓon garka. Ba ta iya zama tsit ba. Tana magana tana tura kara, tana korar akuya. "Ku matso, ga ta nan tahe," in ji ta. "Wanda ya yi gyangyaɗi ba ni maimaita mishi."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta garin da ruwan sama ya kashe wa wuta. Kowane murhu ya mutu, sai na wani attajiri can ƙetaren gulbi. Manya suka je roƙo, ya ce su dawo gobe. Da suka koma ya ce jibi, mutane na ta taunar ɗanyen hatsi. Wata yarinya ta lallaɓa ta kunna kara a murhunsa ta sheƙa a guje, amma kafin ta kai gulbi karan ya cinye. Washegari ta tara yaran garin, kowa da karansa, suka jeru tun daga ƙofar attajirin har gida, wannan ya kunna wa wancan.

Nan ta tsaya mini. Yadda suka ƙetare ruwa da wutar, da abin da attajirin ya yi, duk na manta. Kaka ta rasu ina amarya a Maraɗi.

Bara ɗiyata Rakiya ta same ni a shagon ɗinkina a Sabon Gari. "Inna, muna haɗa kuɗi ta waya, za mu buga tatsuniyoyin tsofaffi."

Na ce, "Ku da ba ku da aikin yi? Ku nemi wani Alhaji mana."

"Mun gaji da zaman zaurensu. Littattafan da muka karanta a lakwal, babu mai magana irin taki. Kuma tsofaffin ba su jiran kowa."

Ɗan kabu-kabu ya sa nasa kuɗin, mai suyar awara ta sa nata, wani matashin malami Kirista ya turo har da tatsuniyar kakarsa. Ni kuwa na kasa zama kan keke, don Rakiya na son tawa, rabi kuma gare ni. Na hau mota zuwa Tibiri wurin ƙanwar Kaka. Na tarar tsufa ya ci ta. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ke ɗiyar wa ce?"

Rabin na ba Rakiya. Ta ce haka za su buga, wataƙila cikin masu karantawa a samu mai sauran.

Ina yarinya, wayon yarinyar nan nake sha'awa. Yanzu yaron tsakiyar layi nake tunawa: bai ga murhun ba, bai ga gida ba, wuta na cin karansa tana matso yatsunsa, shi dai idonsa na kan na gaba.