Sawun Baba a Gindin Gada

To, ku matso ku ji. Tsohuwar gadar rafin da ke bayan Kurmin Sarki, da dutse aka gina ta tun zamanin Bature. Baki biyu gare ta a ƙasa, zagayayyu kamar bakin randa. Mota ɗaya take ɗauka. In biyu suka yi kiciɓis, sai an zagi iyaye kafin ɗaya ta ja da baya. A gindinta, inda muke wanki, akwai sawun ƙafa cikin siminti. Na mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa.

Dangi cewa suke shi ya gina gadar. Ni kuwa uwata ta gaya mini gaskiya: aikin tilas aka kamo shi, yana ganin helima, shugaban leburori, ya juya baya sai ya arce, ya taka ɗanyen siminti. Mai ido ya san yatsun nan ba wajen aiki suka dosa ba. Bai bar mana hoto ba, bai bar gona ba. Sawun nan ne gādona.

Bayan gwamnati ta tare a Abuja, tifofin yashi suka yi yawa, aka ce gada ta yi kaɗan, rushe ta za a yi. Ranar da katafila ta iso, na shimfiɗa tabarma a kan sawun, na zauna da carbina.

Direban ɗan kudu ne, mai Hausar kasuwa. Ya leƙo ya ce, "Mama, tashi! Gada za ya faɗi kanka!"

Na ce, "Ɗana, ubana na nan ƙasa."

Ya kashe inji, ya cire hula. "Kabari ne?"

"Ƙafarsa ce kawai. Sauransa na maƙabarta."

Ya sauko, na ɗaga masa tabarma. Ya duba, ya sake dubawa. "Mama, wannan mutum gudu yake yi."

Na ce, "Da ka ga heliman lokacin, da kai ka riga shi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira leburori da diga. Garin haƙa, diddigen ya gutsure, amma yatsu sun fito lafiya. A baro aka turo mini shi har unguwarmu, Magajiya.

Na ajiye shi a bakin ƙofata, yatsun suna duban ɗaki. Gudun da ya fara tun zamanin Bature, ya dai iso gida.