Mun Ajiye Baba Har Ofisa Ya Zo

Mahaifina ya rasu ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa. A Zangon Kumasi, wanda ya cika da hantsi, kafin la'asar yana kwance a maƙabartar Tafo. Maƙwabtanmu Asante ne ke ajiye gawa a firiji wata da watanni suna shirin biki, kullum muna yi musu tsiya a kan haka. Ni da bakina na ce a ajiye nawa uban kwana uku.

Baba tsohon soja ne, kofur, direba. Ya yi shekaru yana tuƙa wani hafsa, har ƙasar waje da aka tura su kwantar da tarzoma. Hafsan nan ne, wanda kowa ke kira Ofisa, ya yi ritaya ya fito takara. Kowane bango a Zango hotonsa ne cikin kaki. Magoya bayansa na cewa wanda ya tsaya gaban harsashi don ƙasa shi ya cancanci riƙe ta. 'Yan hamayya na cewa sojan ofis ne, bai taɓa jin warin albarushi ba. Wannan magana ita ke tayar wa Baba da hankali. Sai ya miƙe daga bencin ƙofar masallaci yana kaɗa sanda: "Ni na tuƙa shi! A kanmu gilashin mota ya fashe!" Amma tun da suka tuɓe kaki, Ofisa bai taɓa aiko masa ko da gaisuwa ba. Baba yakan ce aiki ne ya yi masa yawa.

Ana cikin yankan likkafani sai ga ciyaman ɗin jam'iyya na unguwarmu, ya ja ni gefe.

"Kafra, sannu da rashi, ɗan'uwa. Ofisa ya ji labari, ya yi kuka. Asabar zai shigo Kumasi. Ku sa tsoho a firiji, ya zo ya sara mishi da kanshi. Duk Ghana za su gani."

Liman ya ce kada na kuskura. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ta yi magana daga bayan labule, muryarta a dishe: "Babanku ya gaji. Ku kai shi ya huta."

Ban ji ba. Na gaya wa kaina Baba ya mutu yana jiran mutumin nan. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce. Ina so masu cewa sojan ofis su ji kunya, ina kuma so a ga babban mutum ya ƙame a ƙofar gidanmu. Son a sani ne kawai, yau na yarda.

A lokacin layinmu ya riga ya cika. Tsofaffi sun zo daga Tafo, masu shaguna a Adum sun rufe sun taho, kowa da alwalarsa. Na tsaya gabansu na ce sai Asabar. Babu wanda ya zage ni. Wani aminin Baba ya dube ni ya daɗe, sannan ya saka takalminsa ya tafi.

Ranar Asabar da safe muka ɗauko shi daga firiji. Ina cikin masu wanka. Sai da muka yi ta zuba ruwan ɗumi kafin hannunsa ya yarda ya miƙe. A nan na fara kukan da ban yi ba ranar Laraba.

Ofisa ya iso bayan azahar, da ganguna da babura da matasa cikin rigunan jam'iyya. Ba zan yi masa ƙarya ba: ya ƙame gaban makara ya sara, hawaye na zubo masa. Sannan ya karɓi lasifika, ya ba da labarin gilashin da ya fashe, ya nuna makarar ya ce ga shaidarsa nan kwance. Aka yi ta tafi a kan gawar ubana.

Da liman ya ce a yi sahu, sai taron ya fara janyewa. Da yawansu ba Musulmi ba ne, suka koma gefe cikin ladabi. Matasan ba su da alwala, ga motocin Ofisa sun juya zuwa wani gangami wajen Manhyia, suka bi su a guje. Mutanen Laraba kuwa ba su dawo ba. Wasu na kasuwa, wasu sun yi fushi. Liman ya duba abin da ya rage, ya rarraba mu huɗu-huɗu don mu cika sahu uku.

Da muka dawo daga Tafo na shiga wurin Mma. Tana zaune a tabarmar takaba, ba ta leƙa waje ba duk yinin.

"Na ji hayaniya har nan," in ji ta. "Duk wannan jama'a sun yi masa salla?"

Na ce, "Duka, Mma."

Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, sannan ta dafa kaina. "Ashe ka fi ni gani. Ka yafe mini da na yi fushi da kai. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka yadda ka yi masa."

Na sunkuyar da kai. Ta tsaya tana jira in ce amin.